Yadda Za Ka Auna Riɗin Babura da Java

Ƙanena, ko kana Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ko kana kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, akwai ranar da malami zai ce ka rubuta aji a harshen Java. Kada gabanka ya faɗi. Ka tuna kawunka dillalin riɗi, ka rubuta masa manhajar lissafi.

Sa wa ajin suna Buhu, ka ba shi sunan manomi da ƙauyensa da nauyi. Aji tsari ne kawai. Duk buhun da aka sauke daga amalanke, shi ne abu guda da ka ƙera daga tsarin. 'Yan Norwe biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka kawo dabarar a harshen Simula a 1967, tun kafin a haifi malaminka. Don Allah kada ka raɗa wa aji suna Abu2. Nauyin kuwa ka garƙame shi da private, kada kowane layi ya wuce ya ƙara masa kilo.

Farashin yau ɗaya ne ga dukkan buhuna, to shi za ka sa wa static, ya zama na tarayya. Sai dai abin tarayya rijiyar unguwa ce: wanda ya jefa mushe ya hana kowa sha. Na san halin ɗalibai. Da Java ta fara ƙorafi da jan rubutu, sai su bi kowane layi suna liƙa masa static har ta yi shiru. Ka yi wa nauyi haka, sai nauyin buhun ƙarshe ya zama na kowa, mai kilo 100 a biya shi kuɗin 40. Kafin magariba manoma sun cika zauren kawu, shi kuma ya nufo hostel ɗinku da carbi a hannu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Wata rana yaron shago zai rubuta "goma" a gurbin lamba, ko ya bar wurin babu komai. Manhaja za ta jefo tangarɗa, kai kuma ka tare ta da try da catch. Laifin da ba na yafewa shi ne ka tare ta ka bar cikin catch wayam, wato ka toshe wa mai ihu baki. Lissafi zai ci gaba a karkace, ba wanda zai sani sai ranar biya. Ka sa manhajar ta faɗi buhun da abin ya shafa, ta sake tambayar nauyi.

Barin tangarɗa sakaka ma haɗari ne. A ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda an cusa lamba mai bit 64 a gurbin bit 16, tangarɗar ta tashi ba a tanadar mata komai ba. Manhajar ma aro aka yi daga Ariane 4, don haka ka kiyayi kwafo aikin abokinka ba ka gwada ba.

Kafin ka kai wa malami, miƙa wa autar gidanku kwamfutar ta daddanna son ranta na minti biyar. Duk inda ta kayar da manhajar, nan za ka koma ka gyara.