Mazaɓar Hendon da Ire-iren Masu Zaɓenta

Hendon mazaɓa ce ta majalisar dokokin Birtaniya a gefen arewa maso yammacin Landan, cikin ƙaramar hukumar Barnet. Kujera ce marar ubangida: Andrew Dismore na jam'iyyar Labour ya riƙe ta daga 1997, sai a 2010 Matthew Offord na Conservative ya ƙwace ta da ratar ƙuri'a 106.

Na farko cikin masu zaɓenta shi ne maigidan Mill Hill, mai gida da lambu da mota a ƙofa. Ba abin da ke hana shi barci sai haraji. Kowace shekara yakan rantse ya gama da Conservative, amma in ya shiga rumfar zaɓe hannunsa ya san hanya. Kishiyarsa dattijon Burnt Oak ne, mazaunin rukunin gidajen Watling da hukuma ta gina wa ma'aikata a shekarun 1920. Shi Labour gado ce a wurinsa. Yana zaginta kamar ɗan da ya haifa, ba ya yarda bare ya taya shi.

A unguwar ne kuma ake samun ɗan Romaniya, wanda ya fi kowa sharhin siyasa a wurin aski, alhali ba shi da ƙuri'a a zaɓen majalisa sai ya zama ɗan ƙasa. Maƙwabcinsa ɗan Najeriya ko Gana kuwa, muddin yana da izinin zama, doka ta ba shi ƙuri'a albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ko da hankalinsa ya fi karkata ga zaɓen gida.

Yahudawan Hendon da Edgware suna da yawa, kuma suna fitowa zaɓe. A zamanin da Jeremy Corbyn ke shugabantar Labour, da dama cikinsu sun juya wa jam'iyyar baya kan zargin ƙyamar Yahudawa, har ratar Offord ta haura 4,000 a 2019. Tun daga nan babu ɗan takarar da ke ɓata hanyar majami'ar Yahudawa.

Sai matashin Colindale, ɗan haya a sababbin benaye. Zafinsa a intanet yake; kafin ranar zaɓe kuɗin haya ya kore shi, sunansa na can a rajistar tsohon adireshi.

Na ƙarshe shi ne mai cewa "ban yanke shawara ba", wanda daɗin lallashi yake ji kawai. Raina shi kuskure ne. A 2024 David Pinto-Duschinsky na Labour ya ci kujerar da ƙuri'a 15, rata mafi ƙanƙanta a zaɓen. Da mutum 8 sun sauya sheƙa, da Conservative ce ta ci.