Kafin Ki Taɓa Fuskar Hajiya

An ce ki zo ranar Litinin. Wata mai shagon kayan kwalliya a Sakkwato ta ga hotunan amaren da kika yi wa ado a Rimawa, ta ce hannunki ya yi mata, amma tun da waya ta koyi gyaran fuska aka daina karɓar hoto a matsayin shaida. Sai kin je kin yi wa mutum kwalliya a gabanta, tana zaune tana kallo. To ƙanwata, jawo tabarma, akwai magana.

Fara da farautar fuskoki. Fuskar da kika fi sani a duniya taki ce, ita ce kuma kaɗai ba za a ba ki ranar gwaji ba. Saboda haka duk macen da ta shigo gidanku a makon nan ta shigo hannu: ƙannenki, matan yayyenki, mai tallar fura, har maƙwabciyar da ta zo aron rariya. Ki nemi baƙa, ki nemi wankan tarwaɗa, ki nemi mai maiƙon fuska da wadda hunturu ya busar. Ki lallaɓi kaka ma, ko da za ta ce ita da ta ga jikokin jikoki me za ta yi da hoda, domin fatar da ta kwana biyu a duniya ba ta ɗaukar abin da ta yarinya ke ɗauka, kuma mata irinta ne ke da kuɗin sayayya. In kin samu kishiyar innarki ta yarda ta rufe ido ta miƙa miki fuska, to kin ci jarrabawar da ta fi ta Litinin wuya.

A ƙasarmu akwai abin da masu koyarwa a YouTube ba su taɓa gani ba, wato tsagar gado. Daga Goronyo zuwa Sabon Birni, Bagobira za ta zauna gabanki da zanenta a kumatu, kuma akwai yiwuwar ita za a ba ki. Kada ki ce za ki cike tsagar da fandeshan. Zai taru a cikin layukan, ya bushe, ya fito da su fiye da da, ke kuma ki zama wadda ta yi ƙoƙarin shafe wa baiwar Allah asalinta ta kasa. Shafa kaɗan-kaɗan, ki bi da soso mai ɗan danshi kina dannawa, ki bar zanen ya zauna inda iyayenta suka ajiye shi.

Ki riƙa kunna agogon waya duk lokacin da kika fara. A gidan biki kina ɗaukar amarya daga azahar har la'asar, ana hira, ana kawo tuwo, ana aiken yaro sayo fil. A shago akwai wasu mata biyu a kan benci suna jira, ɗaya mijinta na waje a mota yana danna oda. Ki horar da hannunki ya gama fuskar fita unguwa cikin rabin awa.

Sai gwajin rana, wanda ni a wurina ya fi kowane muhimmanci. Sakkwato a watan Afrilu zafinta na wuce digiri 40, kuma kwalliyar da ta yi kyau a ƙarƙashin fanka ba lallai ta kai bakin titi ba. Ki yi wa ƙanwarki cikakken ado da hantsi, ki aike ta ɗebo ruwa, ki ƙara mata da aiken kai niƙa. Idan ta dawo ki zaunar da ita ki duba da kyau. Inda ya zube, kin cika mai a ƙasa. Inda ya tsage, kin cika hoda a sama. Za ki gane da kanki cewa shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri daɗewa, kuma zufa dannawa ake yi da tishu, ba a goge ta. Ki saya wa yarinyar alewa, ta yi aiki.

Yanzu hannuwanki. Mu mutanen fadamar Rima ne, albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo su ne arzikinmu, har Kudu ake lodinsu, ba ma jin kunyarsu. Sai dai yatsunki za su yi rabin awa a ƙarƙashin hancin Hajiya. Kwana biyu kafin tafiya ki sauka daga yankan albasa, ki gaya wa Inna umarnin aiki ne. Ki yanke farce. Lalle ba laifi, ado ne, talla ce ma. Ki yi asuwaki, ki jefa kanumfari a baki, domin aikin nan fuska da fuska ake yin sa. Humra kuwa ɗigo biyu ya isa, kada wadda kike yi wa jan-baki ta kama atishawa.

In da hali ki tafi tun Lahadi ki kwana gidan 'yan'uwa. Kowa ya san yadda hanyoyin gabashin Sakkwato suka zama a shekarun nan, babu aikin da ya kai a yi masa tafiyar dare ko sammakon duhu. Jakar kayanki ta zauna a cinyarki. Idan kika bari yaran mota suka cusa ta a but tare da buhuna, kafin ku wuce Achida jan-bakinki ya narke ya gaisa da hodarki. Kada kuma ki yi taki kwalliyar a gida ki ce za ta kai, ƙurar hanya za ta ƙara miki shafin da ba ki nema ba. Sai kin isa ki wanke fuska, ki yi 'yar kaɗan mai tsabta. Mai shago za ta karanta fuskarki kafin ta amsa sallamarki.

Da an nuna miki wadda za ki yi wa, ki gaishe ta sosai, ki ɗauka ita ce mai shagon, don sau da yawa ƙanwar mai shagon ce ko surukarta, kuma da kin fita ita za a tambaya. Ki wanke hannu kowa na gani, ko da kin wanke a waje. Sannan ki yi tambaya kafin ki buɗe komai. Hajiya, ina za a je da kwalliyar, suna ne ko ofis? Akwai abin da fatarki ba ta so? Kina da alwala, ko za ki fara yi? Wannan ta ƙarshen tana sayen zuciya, domin babu takaicin da ya kai a gama wa mace ado a kira la'asar. Kada ki kusanci girarta da reza sai ta ce, mata da yawa a nan ba sa aske gira saboda addini, kuma ana iya daidaita ta da ja-gira da ɗan kansila ba tare da an cire gashi ko ɗaya ba. Haka gashin ido na kanti: wata na so, wata malaminta ya hana, wata kuma gam ɗin ke kumbura mata ido.

Tsabtar kayan aiki ita ce inda mai shago ke zuba ido tana yi kamar tana duba lissafi. Kada ki hura burushi da baki. Kada ki lashi yatsa ki gyara gefen ido, ko da haka ake yi a gida tun kaka da kakanni. Jan-baki ki ɗebo da ɗan tsinke mai tsabta ki shafa da burushi, fensir ki fere shi kafin ya taɓa sabon ido, ki goge da sifirit. Ciwon idon nan da muke kira afolo, wanda ya ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, ba ya buƙatar komai illa tsinken kwalli ɗaya da ido biyu na mutum biyu. Mace guda ta kwashe shi a shago, zancen ya gama gidajen biki kafin Juma'a.

Tunda an zo kan kwalli, ki san wannan ko don amsa tambaya. Kwallin dutse da muka gada a tandu yawancinsa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyayen Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. In mai jego ta ce ki ɗan zizara wa jaririnta, ki ba ta haƙuri.

To ga inda ake faɗuwa, ga kuma inda nake so ki tsaya da ƙafafunki: launi. Kada ki gwada fandeshan a bayan hannu, hannu da fuska ba launinsu ɗaya ba. Ki ja layi uku a gefen muƙamuƙi, ki ce Hajiya ta taso ku je bakin ƙofa, domin fitilar shago maƙaryaciya ce. Wanda ya ɓace a fatar har kika rasa inda kika shafa, shi ne nata. In babu, ki haɗa biyu. Ki kai shi har wuya da gefen kunne, inda ɗankwali zai tsaya.

Za ta ce miki, da murya ƙasa-ƙasa, “Ɗiyata, ki ɗan haskaka ni.” Nan ne jarrabawar take. Idan kika ɗauko wanda ya fi ta haske da mataki uku, a madubin shago za ta yi murmushi, amma da mai hoto ya haska fitila a wurin biki za ta fito kamar wadda ta leƙa buhun fulawa, fuska fari fat, wuya na nan yadda Allah ya yi shi. Kuma da an tambayi wa ya yi mata, sunan shagon za ta faɗa. Ki ce, “Hajiya, zan sa ki yi haske ba tare da na canza ki ba.” Sai ki sa ɗan mai haske a ƙarƙashin ido da doron hanci da tsakiyar goshi, sauran fuskar ki bar mata launinta. Da can ana da uzuri, kayan da ake kawowa ba don fatarmu aka yi su ba. Yanzu ga House of Tara da Tara Fela-Durotoye ta kafa tun 1998, ga Zaron, duk a Legas, suna yi don baƙar fata. A 2017 Fenty Beauty ta mawaƙiya Rihanna ta fito da launi 40 a tashi ɗaya, manyan kamfanonin duniya suka bi sahu. Baƙar mace ta Rabah ko ta Gandi tana da lambarta a kan kanta, aikinki ki nemo mata.

Wata kuma za ta zo ta riga ta sha man bilicin: fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi, jijiyoyi kore a kumatu. Ba ita kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da mayukan, kuma a 2023 NAFDAC ta ce lamarin ya kai matsayin larurar gaggawa ta ƙasa. Kada ki yi mata wa'azi, kada ki yatsine fuska. Fatarta ta yi siriri, ki taɓa ta a hankali, ki fara da mai mai sanyaya fata. In ta nemi ki haɗa mata wanda ya fi ƙarfi, ki nuna mata na kariya daga rana. In kuma mai shagon ce da kanta ta ce aikinki ya haɗa da dama mayuka a bayan kanta, a zuba a robar da ba suna ba lamba, ki yi godiya ki ɗauki jakarki. Irin waɗannan haɗe-haɗen ne ake samun sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda. Akwai wasu shagunan.

Kina aiki kina magana, amma ba labarin rikicin gidanku ba. Duk abin da kika ɗauka ki faɗi sunansa da amfaninsa da kuɗinsa, don mai shago ba mai zane kawai take nema ba, mai sayarwa take nema. Kafin a fara ki zaga kantocin da ido, ki riƙe farashin abu biyar ko shida. Ki iya juya kwalba ki nuna lambar NAFDAC da ranar lalacewa, da ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe mai 6M ko 12M, wato watannin da abin zai yi bayan an buɗe shi. In mace ta ce dubu biyu gare ta, ki nuna mata abin dubu biyu mai kyau, ranar da ta samu ashirin wurinki za ta dawo.

Gira ɗaya za ta fi ɗaya tsawo. Zai faru, hannu na rawa ranar gwaji. Kada ki ce “wayyo”, kada ki ce “innalillahi”, mace mai rufaffen ido ba abin da ke tayar mata da hankali irin salatin mai kwalliya. Ki ɗauki auduga, ki gyara, ki ci gaba da bayanin hoda.

Idan kin gama ki miƙa mata madubi ki yi shiru. In ta ce, “Mi kika yi mani ga huska?” kada gabanki ya faɗi, ki dubi bakinta tukuna, Basakkwata na iya faɗin haka tana murna. In ta juya hagu, ta juya dama, ta laluɓo waya ta fara ɗaukar kanta, sai ki fara tattara kayanki, ki goge teburin, ki mayar da kowace kwalba inda kika ɗauke ta.

Saura maganar kuɗi, kada kunya ta hana ki. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka abin da kuka yi yarjejeniya shi ne naki. Ki tambaya: albashi ne ko kaso? In an fita kwalliyar amarya, nawa ne rabonki, wa zai biya kuɗin mota? Kayan da ya fashe a hannunki, wa zai ɗauka? Ƙarfe nawa ake tashi, akwai hutun sati? Ki sa a rubuta, ko a saƙon waya ne, yayanki ko gwaggonki na gani. In ta ce sai ta yi shawara, ki bar mata lambarki, ki yi sallama, ki nufi tasha tun rana na sama.