Halayen 'Yan Tanis Tsakanin Bugu da Bugu

Dokar tanis ta ba ɗan wasa daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, kuma a nan asirin kowa yake tonuwa. Ƙwallo ta tsaya, babu wanda za a sako ya canje ka, babu mai tsaron gida da za a ɗora wa laifi. Daga kai sai zuciyarka, ita kuwa ba ta iya shiru ba.

Akwai Sarkin Ƙarfi, wanda ya yi imani maganin kowace matsala shi ne a ƙara ƙarfin bugu. In ƙwallonsa ta fita da taku ɗaya, ta biyu za ta fita da taku uku, ta ukun kuwa sai an aiki yaro bayan katanga. Kada dai a raina ƙarfi. A gasar Wimbledon ta 2010, John Isner da Nicolas Mahut sun shafe awa 11 da minti 5 suna dukan ƙwallo cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68. Isner ya yi nasara, amma jiki ya karɓi bashinsa: a zagaye na gaba cikin minti 74 aka sallame shi.

Kishiyarsa shi ne Malam Dabara. Ba ya gudu, sai dai ya sa ka gudu; ya ɗaga maka ƙwallo sama har ka fara tunanin kuɗin haya kafin ta sauko. Limamin wannan ɗariƙa Michael Chang ne. A gasar Faransa ta 1989, yana ɗan shekara 17, jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure yana fafatawa da Ivan Lendl, gwanin duniya na lokacin. Sai yaron ya lallaɓo sabis, wato bugun fara maki, ta ƙasa, irin na 'yan koyo. Lendl ya rikice. A makin ƙarshe Lendl ya ɓarar da sabis na farko, Chang ya matso dab da layin sabis ya tsaya masa, sai ya ɓarar da na biyun ma. Mai ciwon ƙafa ya wuce, har ya ɗauki kofin.

Mai zafin rai kuwa da raket yake faɗa, kamar wanda ya yi tuntuɓe ya koma dukan dutse. A 1990 an kori John McEnroe daga gasar Ostareliya saboda bakinsa, amma Goran Ivanisevic ya fi shi ban dariya. A Brighton ta Ingila, a 2000, ya kakkarya raket ɗinsa har uku, ya leƙa jaka bai ga na huɗu ba, dole ya haƙura da wasan.

Ga kuma mai camfi. Lokacin da yake wasa, Rafael Nadal yakan jera kwalaben ruwansa a gaban kujera, kowace da inda take fuskanta, ga shafar hanci da kunne kafin kowane sabis. Ya ci gasar Faransa sau 14, don haka ba mai ce masa uffan. Matsalar ita ce almajiransa na ƙananan kulob, waɗanda suka kwafi jera kwalba suka bar atisaye.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai rawar hannu. Yana wasa lafiya ƙalau muddin ana cin sa. Da zarar ya hango nasara, sai hannun da ya buga ƙwallo dubu ba gargada ya zama na aro. Ba gajiya ba ce, huhunsa cike yake da iska. Zuciya ce ta riga shi hawa dandamalin karɓar kofi ta bar gangar jiki a fili. Jana Novotna tana gaban Steffi Graf da 4 da 1 a turmin ƙarshe na wasan ƙarshen Wimbledon a 1993, saura ƙiris ta mai da shi 5 da 1, sai sabis ya ƙi shiga. Ba ta ƙara cin wasa ko ɗaya a turmin ba, ta ɓige da kuka a kafaɗar matar wani basaraken Ingila da ta zo miƙa kyauta. Sai a 1998 ta ɗauki kofin. Masu yi mata dariya su fara gwada buga sabis dubban idanu na kansu.

Sai mai uzuri, wanda ba a taɓa cin sa ba tun da ya fara wasa. Iska ce ta ci shi, ko rana, ko igiyar raket, ko alƙalin wasa da bai ga layi ba.

In za ka shiga wasan bibbiyu, mai karatu, ɗauki Malam Dabara ko da yana ɗingishi. Mai uzuri kuwa ka guje shi, domin ranar da kuka faɗi tare, kai ne uzurin.