Manhajar Da Ba Ta Mutuwa

Da bakina na faɗa jiya, a gaban Alhaji da akawunsa da yaran shago: "Ranka ya daɗe, wannan manhaja ba ta mutuwa."

Aikin mai sauƙi ne. Sikeli takwas na auna riɗi a sitonsa na Dawanau, kowane da zarensa a cikin manhajar, suna rubuta nauyin buhu a lokaci guda. Alhaji ya ce, "To in wani abu ya lalace fa?" Na ce zare ɗaya zai faɗi, bakwai su ci gaba. Don in burge shi, na miƙa hannu na fizge filashin da ake adana bayanai a ciki.

Komai ya ɓace. Sai baƙin allo a jikin bango, firojekta ta faɗaɗa shi yadda ko mai dako daga bakin ƙofa zai gani, da lamba 139.

Hannuna yana sama. Wannan ne abin da ya hana ni barci. Filashin na tsakanin yatsuna biyu, murmushin bai gama sauka daga fuskata ba, akawu ya tsaya da biro a baki, Alhaji kuwa ya zare tabarau ya goge ya mayar, ko zai ga wani abu daban. Har yanzu ban san dalilin da ya hana ni sauke hannun ba.

Cikina ya riga ya gaya mini abin da ya faru. Zare ya kasa rubutu, ya kira mai kai rahoton kuskure. Shi kuma rahotonsa a filashin nan yake ajiyewa, sai ya kasa, ya kira kansa don ya kai rahoton kasawarsa, ya sake kasawa, ya sake kira. Kowane kira yana cin wuri a sitak, ma'ajiyar wucin-gadi ta zaren, kuma megabait 8 ne Linux ta ba zaren. Kafin ƙiftawar ido ya cika ya tumbatsa. Linux ta aiko SIGSEGV, sigina ta 11, wadda ba ruwanta da wane zare ne mai laifi: gidan gaba ɗaya take rushewa. A haɗa 11 da 128 ɗin da ake ƙara wa lambar sigina, ga 139 a bango.

Na ma tanadi saƙon ban haƙuri domin irin wannan rana. Bai fito ba. Mai isar da shi yana buƙatar wurin tsayawa a sitak ɗin da ya cika, kuma sigaltstack, wurin ko-ta-kwana, babban zare kaɗai na yi wa, alhali kowane zare nasa ake yi masa.

Sai Baba maigadi ya leƙo.

"Yaro, zafi ne. Rediyona ma haka take yi da azahar."

"Baba, ba zafi ba ne, kira ne ya—"

"Cire batirin ka ɗan ciza shi."

Da ya ga ban ciza ba, ya kawo mafici ya tsaya kan kwamfutar yana fifita da gaske, yana tofa mata addu'a. Ya ce a rufe ta da ɗanyen tsumma. Ya ce kuma ƙanensa na gyaran waya a Farm Centre, ko daga ruwa aka tsamo waya yana tayar da ita.

Na mayar da filashin a ɓoye, na sake kunnawa. Ta tashi lafiya lau.

Alhaji ya ba Baba dubu biyu, ya ce wa akawu kada ya yar da littafinsa tukuna.