Cigiyar X

Daren Talata ko takalmi ban cire ba Auta ya tare ni da littafi. "Baba, an ce a nemo x." Na ce yaushe ya ɓata? Uwarsa tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Ai Malam kai ka ce kullum na ɗaya kake zuwa a ajinku." Bakina ya ja mini. Duk uban da ke garin nan na ɗaya ya riƙa ɗauka. Waɗanda suka zo na talatin da biyu a zamaninmu kuwa, da alama ba su haihu ba.

Tambayar ita ce 2x + 7 = 19. Na yi mata lissafin kasuwa a hasken tocilan: ka miƙa 19, an auna maka mudu biyu, an dawo maka da canjin 7, ashe mudu 6 ne. Na rubuta 6, na ja layi biyu a ƙasa. Washegari littafi ya dawo da ƙaton ƙwai na jan biro, wai ba a nuna hanya ba. Hanyar kuwa ita ce 7 ta tsallake alamar daidai, tana dira can ta tashi daga tarawa ta koma ɗebewa. Sauya sheƙa ke nan tsirara, ana koya wa ɗan shekara 12, sannan a zo ana mamakin 'yan majalisa.

Shi x ɗin nan tun ina aji ɗaya na sakandare ake nemansa. Yau a same shi 6, gobe ya sulale a same shi 11, jibi a tsinto shi ƙasa da sifili. Wani Bafaranshe, Descartes, shi ya ɗora shi a wannan aiki a 1637. Shekara kusan 400 ana cigiyar abu guda! Da akuya ce da tuni an sanar da mai unguwa, sanƙira ya zaga, an biya sanarwa a rediyo, an leƙa kasuwar Wudil layin awaki, daga ƙarshe a ja Yasin kowa ya huta.

Abin haushin ma, mai sana'ar bai san x ba. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, da ya rubuta littafin aljabru a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya yi bayani, abin da ba a sani ba ya ce masa "abu" da Larabci, shi ke nan. Kaso mai tsoka na littafin kan wasiyya da rabon gado ne, inda ake neman rabon kowa da gaske, har da zare ido. Ita kalmar aljabru kuma har ɗorin karaya tana nufi. Na yarda, don na ji a ƙuguna.

Ban gama jinya ba yayarsa ta kawo tata jingar: waƙa baiti huɗu a takardar da hoto ya cinye rabinta, a bayyana yadda mawaƙin yake kallon ɗan Adam, da hujja biyar. Baiti huɗu, hujja biyar. Na karanta sau uku na ce mawaƙin nan butulu yake ganin mutum, wataƙila bashi ya bayar. Aka soke. Amsar da malam ya yarda da ita tana cikin ɗan littafin da shi malam yake sayarwa a ofis. Ko mawaƙin ne ya tashi daga kabari ya zauna jarrabawar nan, sai ya sayi littafin kafin ya san abin da yake nufi.

To ni abin da nake tambaya, kuɗin makaranta na mene ne? Mun biya na zango, mun biya na lesin, mun biya na rigar wasanni da ba a wasan, sannan ƙarfe tara na dare a turo mana tambaya ashirin, babu wuta. Malam ya san rubutun ɗan shekara hamsin in ya gani. Ya sani, mun san ya sani, ya ba da maki, mu sa hannu.

Jiya aka raba sakamakon gwaji. Na zo na sha bakwai. Alhajin da ke maƙwabtaka da mu ne ya yi na ɗaya, direbansa yana da NCE.