Tambayata Ba Ta Kowa Ba Ce

Da can, idan wata mas'ala ta shige wa mutum duhu, zauren malamin unguwa yake nufa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya." Yanzu kuwa kafin a faɗi tambayar sai an kewaye ta da shinge, an faɗi wanda zai amsa da wanda zai ja bakinsa ya yi shiru. A majalisar bayan Isha'i, a teburin mai shayi, a filin amsa tambayoyi na rediyo, har a 'yar takardar da ake miƙawa gaba idan an kammala tafsiri, sai ka ji ana cewa, "Wannan ta Ahlussunna ce zalla," ko "'Yan'uwa 'yan ɗarika kaɗai nake son ji daga bakinsu." Masu wannan hali kuwa ba uwarsu ɗaya ba.

Akwai Mai Rariya, wanda ba ya gajiya da tankaɗe. Da farko zai ce Musulmi kaɗai yake so su amsa, alhali duk wanda ke kan bencin Musulmi ne. Sai ya ce to, Ahlussunna. Kowa ya gyara zama, domin daga ɗan Ƙadiriyya har ɗan Tijjaniyya har ɗan Izala babu wanda zai yarda a zare shi daga wannan suna. Sai ya ce Izala yake nufi. Wani shaƙiyyi daga gefe ya ce, "Ta Jos ko ta Kaduna?" Ba laifinsa ba ne, ƙungiyar da Shaikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 ta daɗe da rabuwa gida biyu. Mai Rariya ya zaɓi ɗaya, sannan ya ƙara da cewa sai wanda ya yi karatu a Madina, kuma bai taɓa karɓar kujerar Makka daga hannun gwamnati ba. Kafin ya gama sharuɗɗansa shayi ya huce, jama'a sun watse, daga shi sai mai shayi, shi kuma ɗan Faila ne. Tambayar da aka yi wa wannan dogon shiri ita ce ko allura tana karya azumi.

Wanda ya fi ban dariya, kuma ya fi yawa, shi ne Mai Amsa a Aljihu. Wannan ya dawo daga kasuwa ransa a dagule, aka yi cacar baki a kan kuɗin cefane, ya danna wa uwargida saki uku a numfashi ɗaya. Gari ya waye, murhu ba wuta, yara sun yi cirko-cirko a tsakar gida, ƙaramin yana tsala ihu, shi kuma yana juya kwalin ashana bai san inda ake ajiye kananzir ba. Ya san sarai abin da malamin da ya biya masa Risala zai faɗa: a Malikiyya, haka ma a sauran mazhabobin uku, uku ta tabbata uku, babu kome sai ta auri wani. Amma ya taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa Ibn Taimiyya, malamin nan na Dimashƙa da ya rasu a 1328, ya tafi a kan cewa uku a kalma ɗaya ɗaya ce. Mutumin da shekara da shekaru in an ambaci Ibn Taimiyya sai ya ja tsaki, yau shi ne a bayan acaɓa, ya tsallake masallacin unguwarsu da na maƙwabta, ya je can bayan gari ya rusuna. "Akramakallahu, ni fa malaman Sunna kaɗai nake son su amsa mini. Ba na bin ra'ayin kowa, hujja nake bi." Hujjar tana can gidan surukai da akwatinta.

Kada ɗaya ɓangaren su yi saurin dariya, su ma suna da nasu. Shi ne wanda da rana yake ɗaga murya cewa rubutun sha bidi'a ce, amma da shagonsa ya yi wata biyu ba ciniki, sai ga shi bayan sawu ya ɗauke, ya lulluɓe kai da hirami, yana sallama a zauren malamin tsangaya. Wannan tambayar, in ji shi, ta malaman zaure ce kawai, "don su suka san sirrin abin."

Mai Tarko shi kuma tasa ba tambaya ba ce, tuhuma ce aka ɗora wa alamar tambaya. "Ga 'yan ɗarika kaɗai: me ya sa kuka fifita shehunnanku a kan kowa?" Ko kuma daga can: "Ga 'yan Izala kaɗai: me Maulidi ya tare muku?" Yana hana 'yan gidansu magana ne don kada su riga shi cin nama. In ka amsa a taƙaice ya ce ka gudu, in ka tsawaita ya ce kame-kame kake yi, in ka yi shiru ya zagaya gari yana cewa ya ƙure ka.

Duk shingen da aka kafa kuwa akwai Ɗan Tsallake. Alamarsa ita ce buɗe baki da "Ni dai ba ɗan Tijjaniyya ba ne, amma..." Daga wannan "amma" zuwa kiran sallar Asuba ba mai sake samun sarari.

Shi ya sa majalisa ta haifi Dogari, wanda ba wanda ya naɗa shi. Aikinsa tantance masu izinin magana. Yana auna tsawon gemu, yana duba ko wando ya ɗangale, yana leƙen aljihu ko akwai carbi, yana tuna hoton shehin da ke manne a bayan Keke Napep ɗinka. Matsalarsa ita ce ma'auninsa yana yawan cin amanarsa. Ya ga mutum ya yi ƙabalu a sahu, nan take ya ba shi lasisin amsa tambayar 'yan Izala, bai san cewa tun kafin a kafa Izala mabiya Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha suka yaɗa ƙabalu a Kano ba. Shehun har littafi ya rubuta yana kare shi, kuma a shekarun 1950 da 1960 an sha tayar da jijiyar wuya a kansa tsakanin mabiyansa da masu sadalu. Dogari ya buɗe wa mutum ƙofa, sai da bayani ya yi nisa ya ji an ambaci wazifa, ya fara zare ido.

Wanda nake tausaya wa shi ne maƙwabcinmu Kirista, mai kanikanci ko malamin firamare, da ya zo da zuciya ɗaya. Ya ce Musulmi kaɗai yake son su fahimtar da shi: me ya sa wata shekara ake Sallah a ranaku biyu a gari ɗaya? Na farko ya ce Sarkin Musulmi ke da sanarwar ganin wata, magana ta ƙare. Na biyu ya ce in Saudiyya ta gani an gani. Na uku ya rantse cewa a ƙauyensu an ga wata tun shekaranjiya. Kan ka ce kwabo an manta da mai tambaya, ana nuna wa juna yatsa, shi kuma ya ɗauki burodinsa ya sulale. Amma ramuwa ba ta da wuya. Ranar da Musulmi ya ce Kiristoci kaɗai su gaya masa littattafai nawa ne a cikin Littafi Mai Tsarki, ɗan ECWA zai ce 66, ɗan Katolika ya ce 73, sai Musulmin ya gyara zama ya ce a ƙaro masa shayi.

Ba na cewa duk mai sharaɗi ɗan wasa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya karɓi ɗarika yana son sanin yadda ake rama lazimin da ya kuɓuce, muƙaddami zai tambaya, kuma daidai ya yi, domin wanda bai yarda da lazimin ba tun asali ba shi da abin faɗa masa sai wa'azin da bai nema ba. Ɗalibin da ke karanta Ahlari ko Iziyya yana son jin hukuncin ƙabli da ba'adi a Malikiyya yana da haƙƙin cewa a tsaya masa a kan Malikiyya. Haka baiwar Allah da ta rubuto cewa tambayarta ta shafi jinin al'ada, don Allah malama mace ta amsa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, ai don irin haka Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura malamai mata, waɗanda ake kira jaji, zuwa ƙauyuka suna karantar da mata 'yan'uwansu. Abin takaici, tambayar da ta fi cancantar a mutunta shingenta ita ce maza suka fi rububin tsallakawa. Sai ka ga ƙato da gemu, ko auren fari bai yi ba, ya yi gyaran murya ya ce, "Duk da ba mu aka tambaya ba..."

Saboda haka, ɗan'uwa, in wani ya zo maka da tambaya da sharaɗinta a gaba, kafin ka ɓata yawunka tambaye shi abu ɗaya: in wanda ka zaɓa ɗin ya ba ka amsar da ba ta yi maka daɗi ba, za ka yi aiki da ita? In ya ce i, nuna masa gidan malamin, har kuɗin mota ka ba shi. In ya fara sosa ƙeya yana tambayar ko akwai wani malamin a gaba, rabu da shi, kuma ka tabbata ya biya kuɗin shayinsa kafin ya tashi.