Ni da Agogon Sarayebo

Ni Bakano ne, ɗan gindin Dala, don haka abu biyu ne ba na yarda yaro ya yi min wa'azi a kansu: sanyi da hawan dutse. Hunturu dai na ci fiye da hamsin, har da irin wanda ke tsaga dunduniya sai an haɗa da man kaɗanya. Dutse kuwa, tun ina makarantar allo nake hawa Dala a guje in sauko kafin Malam ya farga ba na nan.

Da wannan taƙamar na sauka Sarayebo, babban birnin Bosniya, cikin watan Janairu. Ɗan ƙanwata ne ke karatu a can, uwarsa kuma ta hana ni sakat sai na je na gano mata da idona ko yana cin abinci. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne ban ko taɓa agogon hannuna ba, domin a lokacin sanyi ƙarfe goman su shi ne ƙarfe goman Najeriya. Na ce ashe gida na zo.

Kwana na uku muka yi sallar azahar a masallacin Gazi Husreb-beg, wanda aka gina wajen 1531 zamanin Daular Usmaniyya, a tsakiyar tsohuwar kasuwar Bashcarshiya. Muna fitowa na ɗaga kai na ga wata doguwar hasumiya da agogo a samanta. Nawa ya ce sha biyu da rabi, nasu ya ce ƙarfe takwas. Na tuntsire da dariya.

"Ashe har a Turai agogon gwamnati na mutuwa!"

"Kawu, ai ba mutuwa ya yi ba, shi wannan agogon..."

"Kai, rufa min baki. Tun ba a haife ka ba nake ɗaura agogo."

Ya yi shiru, yaro mai tarbiyya. Daga nan idona ya faɗa kan dutsen da ya tokare kudancin gari, Tirebebic, fari fat da dusar ƙanƙara. Ƙololuwarsa ta haura mita 1,600, amma inda masu yawon buɗe ido ke tsayawa su hango gari bai kai 1,200 ba. Yaron ya ce akwai wasu akwatuna masu gilashi da ke rataye a jikin waya, suna kai mutum can cikin minti goma ko ƙasa da haka. Tun 1959 ake hawansu, yaƙi ya lalata su, aka sake buɗe su a 2018. Na tambayi kuɗi. Ya faɗa, ya ƙara da cewa baƙo ya fi ɗan gari biya. Na juya lissafin zuwa naira, na ninka biyu, sai na ji wani ƙarfi ya shigo min gwiwa.

"Ƙafar da Allah ya ba mu kyauta fa? Magariba sai shida da rabi. Mu je mu dawo mu sha shayi."

"Kawu, takalminka..."

To, takalmina. Sau-ciki ne na fata, ƙirar gida, mai sulɓin ƙasa, wanda nake zuwa ɗaurin aure da shi. A sama kuma shadda ce mai sitaci, na ɗora mata rigar sanyi 'yar gwanjo, na kafa zanna-bukar. Na sayi cebabi, wato niƙaƙƙen naman da suke gasawa su cusa cikin burodi da albasa, na naɗe na jefa aljihu a matsayin guzuri.

Muka haye kogin Milyaska muka kama hawa ta cikin unguwanni. Titunan nan ba tituna ba ne, bango ne aka ɗan kwantar. A nan na fara gane cewa dusar ƙanƙara iri biyu ce. Akwai sabuwa mai laushi kamar garin tuwo, wannan ba ruwanta. Akwai kuma wadda aka tattake ta kwana ta daskare, tana ƙyalli kamar an malala miyar kuɓewa a kan tayil. A kanta na yi zaman farko. Ban faɗi ba, zama na yi, sai dai ba ni na zaɓi lokacin ba. Wani dattijo da ke kwashe ƙanƙara da shebur a ƙofar gidansa ya yi mana sallama, ya dubi fuskata, ya dubi takalmina, ya daɗe a kan takalmin, sannan ya ce, "Polako, polako."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi sannu a hankali, Kawu."

"Ce masa mun gode, mu ma muna da dutse a garinmu."

Ban ji yaron ya fassara ba.

Akwai inda raha ta tsaya min. A gefen hanya maƙabartu ne da fararen duwatsu a tsaitsaye, kuma in ka karanta shekarun rasuwa sai ka yi ta cin karo da 1992, 1993, 1994. Kusan shekara huɗu aka yi wa garin nan ƙawanya, kuma daga duwatsun da suka kewaye shi, har da wannan da nake hawa don nishaɗi, aka riƙa yi masa ruwan wuta. Muka tsaya muka yi musu addu'a.

Biyu da 'yan mintuna sai ga kiran salla daga wani ƙaramin masallacin unguwa. Na ce wannan ladanin azahar ya makara. Yaron ya ce la'asar ce. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi lissafi. Ni kuwa ruwan alwala ne ya ɗauke min tunani, don da na zuba shi a hannu sai da na tuno duk zunuban da na yi tun balaga.

Da gidaje suka ƙare muka shiga daji, sai na lura mun zama uku. Wani ƙaton kare mai gashi kamar tunkiya na biye da mu, idonsa ƙyam a kan aljihuna. Na ce bari in yanke ta cikin bishiyoyi in ɓace masa. Taku biyu na yi, yaron nan da bai taɓa ɗaga min murya ba ya daka tsawa: "Kawu, dawo kan hanya!" Ashe tun lokacin yaƙi aka binne nakiyoyi a dutsen, kuma ko da yake an yi aikin tone su, har yau ana gargaɗin kada baƙo ya bar turbar da mutane ke bi. Na dawo ina saka ƙafa a sawuna ɗaya bayan ɗaya kamar mai satar fita. Guzurin kuwa na miƙa wa mai shi. Ya cinye, ya ci gaba da binmu, wataƙila don ya ga ƙarshen labari.

Ƙarshen bai yi nisa ba. Muka iso wata doguwar kwata ta siminti da ke murɗawa cikin daji, jikinta duk zane-zanen fenti. Nan aka yi tseren sulu a kan ƙanƙara a gasar Olamfik ta hunturu ta 1984, tsawonta mita 1,300. Yanzu ba mai tsere a cikinta, mutane ne ke bi a ƙafa. Na shiga, na ce a ɗauke ni hoto ina ɗaga hannu. Ɗaga hannun ne kuskure. Ƙafa ta tafi, mazaunai suka karɓi aiki, shadda mai sitaci kuwa ashe ba abin da ya fi ta gudu a kan ƙanƙara. Na tafi suuu ina salati, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, kare na bina yana haushi kamar ɗan kallo. Da na tsaya, wasu matasa biyu suka tafa min.

Da ƙafa ɗaya a sau-ciki, ɗaya a jiƙaƙƙiyar safa har sai da aka tono ɗan'uwansa, na ƙarasa wurin hangen gari. Na gyara tsayuwa don in ga hasumiyoyin masallatai da coci-coci da gadar da aka harbe yariman Ostiriya kusa da ita a 1914.

Ba gari. Wallahi ba ko rufin gida ɗaya. Hazo ne fari ya cika kwarin maƙil kamar an zuba nono a ƙwarya. Yaron ya ce haka yake yawan yi da sanyi: iska mai sanyi ta kwanta a kwari, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, hayaƙin gawayi da itacen da ake ɗumama gidaje da shi ya rasa hanyar fita. Wato na baro hazon Kano, na biya kuɗin jirgi, na zo na hau dutse don in kalli hazon wasu.

Ina cikin wannan takaicin sai na ga rana ta yi ja tana nitsewa. Agogona ya ce huɗu da rabi. Daga ƙarƙashin hazon, can ƙasa-ƙasa, kiran sallar magariba ya fara tasowa daga garin da ba a gani.

"Kawu, yanzu agogon nan da ka yi wa dariya yake cika sha biyu daidai."

Sai a lokacin na bari ya ƙarasa maganarsa. Agogon da faɗuwar rana yake lissafi, sha biyunsa ita ce magariba, kuma akwai mai hawa hasumiyar yana daidaita shi saboda rana na canza lokaci. Ƙarfe takwas ɗin da na gani, cewa yake saura awa huɗu duhu ya yi. Da bakinsa ya gaya min, na ce ya mutu.

Saukowa ba a yi gardama ba. Na zaro kuɗi na biya na mutum biyu ba tare da na juya su zuwa naira ba, na shiga akwatin, na runtse ido, ban buɗe ba sai da na ji ƙasa.

Hoton da muka ɗauka a sama na tura wa uwargida a WhatsApp: ni a tsaye, hula a karkace, bayana fari fat. Ta amsa da cewa, "Alhaji, in Goron Dutse ka je ka faɗa min gaskiya." Har yau ba ta yarda na je Turai ba.